Turken Igiyar Shanya

Ana tsakiyar bazara injin ruwan gidan Alamin ya ɗauke. Gidan yana unguwar Goudji, inda sababbin gine-gine ke ta ɓullowa, kuma a layin shi kaɗai ke da rijiyar burtsatse, da inji can ƙarƙashin ruwa yana turo shi zuwa tanki. Da an kunna sai a ji ƙas, makunnin da ke jikin allon wuta ya faɗo. A ɗaga, ya sake faɗowa.

Alamin mai shagon yadi ne a babbar kasuwa ta Grand Marché, jikan alhazan da suka taso da niyyar Makka tafiya ta tsaya musu a N'Djamena. Tare da shi a gidan akwai Goggo Indo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ita ke buɗe wa matan maƙwabta ƙofa su ɗebi ruwa. Kullum tsakar gidan cike da jarkoki da hira, rabi Hausa rabi Larabci.

Ranar ya dawo daga kasuwa rana ta gasa shi, ya tarar da matan cirko-cirko, famfo ko ɗigo babu.

"Ai ga irinta nan!" in ji shi. "Goggo, sau nawa zan ce inji ba jaki ba ne? Kin mai da gidana rijiyar unguwa. To ya ƙone, sai ki huta."

Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Washegari Goggo ta ƙulle kayanta a zane, ta ce za ta unguwar Abena duba 'yarta Hafsa. Kausar, matar Alamin, ta raka ta bakin titi, ta dawo ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba.

Ya kira Halliru mai gyaran wuta, abokinsa tun makarantar allo. Halliru ya buɗe akwatin da ke tayar da injin, ya shinshina, babu ƙauri. Ya ƙara ɗaure wayoyin allo, ya kunna. Ƙas.

"Mu zaro shi kawai," in ji Alamin. "Na san ya ƙone."

"Kada mu yanke masa hukunci ba mu ji ta bakinsa ba," in ji Halliru.

Ya kashe wuta, ya kwance haɗin da ke bakin rijiyar, ya ja wata doguwar waya daga allo ta bi ta saman tsakar gida har can. Ya kunna. Bututu ya yi tari, ya yi gurnani, sai ga ruwa yana zuba a tanki.

"Injinka lafiya lau. Ciwon yana cikin ƙasa, a wayar da aka binne."

Alamin ya karɓi fartanya da kansa, don shi ya san ta inda wayar ta bi. Yana tona yana gumi, wayar tana fitowa sumul, har suka iso gindin wani turken ƙarfe. Nan ya tsaya cak. Shi ya kafa turken nan kwanan baya, da guduma, ranar da ya sauya wa igiyar shanya wuri don motarsa ta samu inuwa. Bakin ƙarfen ya feɗe robar wayar, jan ƙarfen ciki ya yi baƙi ƙirin.

Halliru ya bi turken da ido har sama. Igiyar shanyar ma waya ce ta ƙarfe.

"Wa ke shanya a nan?"

Alamin ya tuna da safiyar da Goggo ta same shi yana shan shayi, tana murza hannunta na dama. "Alamin, igiyar nan taka cizona take yi," ta ce. Dariya ya yi, ya ce sanyin ƙashi ne, da yamma ya sayo mata man zafi. Ta ci gaba da shanya ƙananan kayan 'ya'yansa a wurin, ba takalmi a ƙafarta.

"Allah ne ya tsare," in ji Halliru a hankali. "Da ƙasar nan ta jiƙe sosai ranar..."

Suka tumɓuke turken, suka zura sabuwar waya cikin bututun roba, suka binne. Kafin la'asar tanki ya cika. Kausar ta buɗe ƙofar gida a wangale, amma ba wadda ta shigo da jarka.

Ya sami Goggo a Abena, a inuwar darbejiya, tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya. Sannan ya faɗa mata komai, turken da wayar, idonsa na ƙasa.

"Ruwa dai ya dawo?" ta tambaya.

"Ya dawo, Goggo."

"To alhamdu lillahi. Ka aika wa Mariya maƙwabciyarku da ruwan, jego take yi, ta fi kowa buƙata."

"Goggo, ki yafe mini. A gaban mutane na..."

"Halas, ya wuce. Tun a mota na yafe." Ta tura masa kwanon gyaɗar. "Ci."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Ya roƙe ta su koma tare, ta ce Hafsa ta kusa sauka, sai bayan suna.

Bayan suna kuwa ta dawo, da tsarabar dabino da tsokanar jikoki. Matan layi ma a hankali suka dawo. Sai dai tun daga lokacin, duk wadda ta yi sallama da jarka, Goggo takan ce ta dakata, ta sa Kausar ta buga wa maigida waya a tambaye shi tukuna. Ya ce ta daina, ya rantse, har ya haɗa ta da Allah. Takan ce to. Washegari yana tsakiyar auna wa mai saye yadi, wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga sunan Kausar, ya ajiye almakashi.