Juyi Shida Zuwa Hagu

Nivaldo Moretti, mutumin da dubban masu kallo suka sani da rashin iya harbi, shi ne ya zama sarkin harbi na ƙungiyar maharban ƙauyenmu ranar Lahadin da ta wuce. Wanda ya rataya masa ɗamarar sarautar shi ne sarki mai barin gado, Egon Raduenz, yayan matarsa, wanda ya zo na biyu da tazarar maki ɗaya. An yi gasar a zauren ƙungiyar da ke bakin rafi, kilomita tara daga garin Pomerode, a gaban mutum kusan ɗari uku. Na ɗauki bidiyon rataya ɗamarar. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne, kuma a cikinsu Egon bai kalli fuskar surukinsa ba ko sau ɗaya.

Ni ce mai tace musu bidiyo. Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin jarida kafin na dawo gida, kuma Egon maƙwabcina ne. Shi ya buɗe tashar bidiyon harbi a intanet shekara biyu da suka wuce. Duk ranar Alhamis da safe yakan jera kankana, ko kabewa, ko gwangwanayen fenti a gaban tudun ƙasar da ke bayan gonarsa, ya harbe su, ni kuma in ɗauka. Mun taɓa yi da tsohon firiji. Egon maƙeri ne mai shekara hamsin da tara, sau biyar yana zama sarkin harbi, kuma ban taɓa ganin ya kuskure kankana ba. Kafin kowane harbi sai ya yi bayanin tsayuwa da numfashi da iska. A lokacin masu bibiyar tashar ɗari tara ne, yawancinsu 'yan ƙungiya da danginsu.

A watan Maris ya gayyato Nivaldo, mijin ƙanwarsa Ilse, wanda ke rarraba burodi a mota. Ya ara masa ƙaramar bindiga, daga baya ya bar masa ita. Abin da bai faɗa wa kowa ba, sai ranar Litinin ɗin nan a ɗakin girkina, shi ne kafin ya miƙa bindigar ya murɗa ƙusar saitinta, wadda ke daidaita inda harsashi zai faɗa, juyi shida zuwa hagu. A tazarar mita hamsin, wannan yana kautar da harsashi kusan kamu guda.

"So na yi mutane su ga bambanci," in ji shi. "Ga wanda ya iya, ga wanda bai iya ba. Shi ke nan."

Nivaldo ya yi harbi goma sha ɗaya a ranar. Kankanar ko ƙwarzane.

"Yaya, kankanar nan motsi take yi."

"Tana nan inda na ajiye ta, mai burodi."

"To ashe ni ne nake motsi. Riƙe ni."

A harbi na tara ya huda wani tsohon bokiti da ke gefen hagu, ya cire hularsa ya ba bokitin haƙuri. Bayan na goma sha ɗaya ya cire harsasai, ya ajiye bindigar, ya taka har wurin kankanar, ya zaro wuƙa ya yanka ta, ya zauna yana sha yana cewa shi dai ya kashe ta ta hanyar da ya iya. Sai Egon ya zo ya harbe kankana biyar a jere. A cikin kwana goma an kalli bidiyon sau dubu ɗari huɗu.

Na karanta saƙonni ɗari biyu na farko da masu kallo suka rubuta a ƙarƙashinsa. Ɗari da saba'in da ɗaya sun ambaci Nivaldo. Tara sun ambaci Egon, huɗu daga ciki suna roƙon ya rage bayani.

Daga nan ba a ƙara yin Alhamis babu Nivaldo ba. Masu kallo suka raɗa masa Sarkin Bokiti. Wani daga birnin Curitiba ya aiko masa da bokiti sabo fil, an zana allon harbi a jikinsa. A watan Yuli masu bibiya suka kai dubu sittin. A watan Agusta, a gidan mai, wani direban babbar mota ya miƙa wa Egon wayarsa ya ce, "Baba, don Allah ɗauke mu hoto da Sarkin Bokiti." Egon ya ɗauka. Ina cikin motar Egon. Da muka isa gida, zan sauka, sai ya juyo gare ni.

"Marlise, me ya sa kika yanke bayanina kan iska?"

"Minti huɗu ne, Egon. A daidai wurin mutane ke daina kallo."

"Amma kin bar shi yana waƙa wa kabewa."

"A nan suke komawa baya su sake kallo."

Ya ce tashar sunansa ne a jiki. Na ce haka ne.

Egon ne ke share bindigogin duka biyu, don haka ta Nivaldo a shagonsa take kwana. Ranar Laraba ta farkon watan Oktoba ya mayar da ƙusar inda take, juyi shida zuwa dama. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan Nivaldo ya samu kankana a harbin farko, abin dariyar ya ƙare, masu kallo su dawo kan wanda ya iya. Sai dai ranar Alhamis an wuni ana ruwa, ba mu yi ɗauka ba. Ranar Juma'a da safe, Egon yana gari sayen ƙarfe, Nivaldo ya biyo da motar burodi, matar Egon, Traudi, ta miƙa masa bindigar a akwatinta. Ya ce masu kallo sun matsa masa ya shiga gasar sarki ranar Lahadi.

Ƙa'idar gasar ba ta canja ba tun zamanin kakannin Egon: harbi uku ga kowa, mita hamsin, tsakiyar allo maki goma. Wasu sun taso tun daga birnin Joinville don su ga Nivaldo ya kuskure allon gaba ɗaya. Wata mata ta zo da bokiti.

Harbin farko, mai duba allo ya ɗaga goma. Zauren ya fashe da dariya, an ɗauka wasa yake. Na biyu, goma. Dariyar ta ragu. Na uku, tara. Nivaldo ya juyo ya kalli bindigar, ya kalli Egon, sannan ya rusuna wa jama'a.

Egon ne na ƙarshe, kamar yadda aka saba wa sarki mai ci. Goma, goma, takwas. 'Yan ƙungiya sun ce rabonsa da takwas a ranar gasa shekara goma sha huɗu.

Bayan rataya ɗamara aka zauna cin abinci, agwagwa da jan kabeji da dankali. Al'ada ta zaunar da na biyu a hannun daman sarki. Ina fuskantar su, kyamara a kashe. Nivaldo ya turo akwatin bindigar ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Yaya, a share mini ita. Kuma ka mayar mata da juyinta."

Egon ya ajiye cokali mai yatsu.

"Tun yaushe?"

"Tun Afrilu. Na je na duba tudun ƙasar. Ramukana duk wuri ɗaya suke, kamar an shuka wake. Wanda bai iya ba, harsashinsa watsewa yake yi. Kai ka faɗa, a cikin irin bayanin nan da Marlise ke yankewa."

"Kuma ka yi shiru."

"Mutane na dariya, Ilse na dariya, tasharka ta cika. Wa aka cuta? Sai dai bokiti." Ya ɗauki cinyar agwagwa. "Amma yau ka so ka ɓata mini sana'a, Yaya. Da ka gaya mini ka gyara, da na karkata da kaina."

Ilse ta tambaye su me suke ƙusƙus a kai. Nivaldo ya ce yayanta ne ke koya masa numfashi.

Washegari da rana Egon ya zo gidana, ya sha kofi biyu, ya faɗi abin da na rubuta a sama. Ya ƙara da cewa shi ma ya ga ramukan tun watan Maris, a ranar farko, kuma ya san abin da suke nufi. Bai roƙe ni in ɓoye ba. Bai ce in yaɗa ba.

"In na mayar da ita hagu, shi suke so," in ji shi. "In na bar ta daidai, ya fi ni. A wata bakwai, Marlise. Da hannun murza ƙullun burodi."

Na tuna masa cewa Nivaldo tuƙi yake yi, ba ya murza ƙullu. Bai yi dariya ba.

Bidiyon gasar ya wuce kallo dubu ɗari bakwai zuwa safiyar yau Laraba. Masu kallo sun kasu biyu: wasu na cewa sa'a ce, wasu na cewa Nivaldo ya daɗe yana yaudarar su. Babu wanda ya ambaci ƙusa. Baɗi, bisa al'ada, makaɗan ƙungiya za su je ɗauko sarki daga gidansa, na biyu yana tafe a damansa tun daga ƙofa har zaure.

An sa ɗauka gobe Alhamis ƙarfe tara. Nivaldo ya kawo kankana shida da yamman jiya. Bindigar tana shagon Egon, kuma Traudi ta ce har zuwa tsakar ranar yau ba a buɗe akwatin ba.