Askin Baba Zibrim

"Tsaya haka nan, Mumuni. Ya isa."

Mumuni ya janye rezar. Jini ya tsattsafo a kumatun tsohon, ya gangara cikin farin gashin da ya cika masa haɓa. Ya sa bakin tsumma ya danne wurin, yana ba da haƙuri.

"Ba laifinka ba ne," in ji Baba Zibrim. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta gefe guda take fita. "Sabulun da aka shafa da hannu ba ya shiga gindin gashi. Buroshi ake sawa. Nawa kuwa ga shi can a taga, ya riga ni mutuwa."

A kan tagar akwai kofin ƙarfe, a ciki ƙotar buroshi ce, gashin duk ya zube sai 'yan tsiraru. Da shi tsohon yake aski kowace safiya tun yana ɗan sanda a Bawku, har ya yi ritaya ya dawo gidan ubansa a Salaga. Unguwa ba ta taɓa ganin gemunsa ba. Liman ya yi masa tsiya har ya gaji ya ƙyale shi. Da ya kwanta ciwo an kira wanzami, amma fatar ta yi laushi, askar ta bar masa fuska duk yanka, ya ce kada a sake kiransa.

"Baba, gobe zan kai doya Bawku. Ka bari in gaya wa Rashidatu."

Rashidatu ce kaɗai 'yar tsohon, a can take aure, kuma ba ta san ya kwanta ba.

"Ta zo ta ga me? Bunsuru a kan tabarma? Ka samo mini buroshi tukuna, ka gyara ni. In ka sake komawa sai ka gaya mata." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ka goga shi a wuyan hannunka, in ya soke ka ni ma zai soke ni. Ka ja gashin, in ya biyo yatsanka ka ajiye musu abinsu. Kuma ka tambaya gashin mene ne."

Katanga ce kawai tsakanin gidan Mumuni da na tsohon. Mumuni ya tarar da matarsa Mansuratu tana wanke kwanon kokon da ta kai wa tsohon.

"Yau ko rabi bai sha ba," ta ce. "Maigida, in ka jira wata tafiyar, ba na jin za ta same shi."

"Ya hana."

"Gemun ne ba ya so ta gani. Ka ɗauko ta, ta zauna a nan wurina, ka aske shi, sannan ta shiga."

Mumuni ya kalli katangar. Bai taɓa tsallake maganar Baba Zibrim ba. Shekarar da aka kori 'yan Gana daga Najeriya, ya sauka Salaga daga shi sai rigar jikinsa da mata mai ciki, ga yunwa, ga gobarar daji ta cinye gonaki. Tsohon nan, wanda bai haɗa komai da shi ba, shi ya buɗe musu ɗakin ajiyar dawa ya ce su shiga. Shi ya raba musu garin rogonsa, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai lori ya ce, "Ga ɗana, ya iya tuƙi." Shi ya yi wa 'yarsu ta fari huɗuba.

Washegari da hantsi Mumuni ya tsayar da lorin a Yendi. Ya bi kantunan bakin tasha yana tambaya, wasu suka nuna masa buroshin takalmi, wani ya miƙo na haƙori. A ƙarshe aka tura shi wurin wata tsohuwa Badagomba mai sayar da sabulu da reza da madubi. Ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur, ta hure ƙurar kansa, ta buɗe, buroshi uku a ciki.

"Ya daɗe, ba mai tambaya," ta ce da Hausarta ta zango. "Kai ne kana so?"

"Na babana ne. Ni ban taɓa riƙe irinsa ba."

Ya ɗauki na farko, fari tas, mai ƙotar roba. Ya goga a wuyan hannu, ya ji kamar tsintsiya. Ya ajiye. Na biyun ya fi kyau, ƙotarsa na sheƙi, gashin a cike, ya ja bai zuba ba. Har ya fara miƙa shi a naɗe masa, sai ya tuna.

"Mma, gashin mene ne wannan?"

Ta kalli hularsa, ta karɓe abin daga hannunsa. "Alade. Ba naka ba."

Saura ɗaya, ɗan guntu, ƙotar katako ta dushe, gashin ruwan ƙasa.

"Wannan doki ne. Ba shi da kyaun gani, amma in ya sha ruwan zafi yana laushi."

Mumuni ya goga shi a hannu, ya sake gogawa a kumatunsa, ya rufe ido yana ƙoƙarin jin yadda fatar tsoho za ta ji. Ya ja gashin, ko ɗaya bai fita ba. Tsohuwar ta ɗebo ruwa a kofi, ta jiƙa shi, ta juya shi a kan sabulu, ta koya masa yadda ake tayar da kumfa a tafin hannu.

"Kar ka danna. Zagaya kawai. Babanka ba lafiya?"

"Yana jin jiki."

"Allah ya ba shi sauƙi. Ka sa ruwa mai ɗumi, tsoho ba ya son sanyi."

Daga Yendi har Gushegu, har ya hau dutsen Nakpanduri, yana juya maganar Mansuratu. Da aka sauke doya a Bawku aka loda albasa, sai ya tsinci kansa a ƙofar gidan mijin Rashidatu yana sallama. Ta saurare shi a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Mumuni, bari in ɗauko mayafi."

Da suka iso Salaga, Mansuratu ta ja ta ɗaki. Mumuni ya ɗauki ruwan ɗumi ya shiga wurin tsohon shi kaɗai. Tsohon ya ƙara ramewa. Ya karɓi buroshin da hannun hagu, ya shafa a leɓensa.

"Doki," ya ce. "Ka iya zaɓe."

Mumuni ya jingina shi da matashi, ya jiƙa tawul ya ɗora masa a fuska, ya rage gemun da almakashi. Sannan ya tayar da kumfa a kofin ƙarfen, ya shiga zagaya kumatun a hankali. Tsohon ya lumshe ido. Rezar ta bi ta sauka sumul, ba jini. Kaɗan-kaɗan fuskar da unguwa ta sani ta fara fitowa.

"Baba, akwai maganar da..."

"Na ji muryarta tun da lorinka ya tsaya. Kunnena bai shanye ba." Gefen bakinsa mai rai ya motsa. "Gama aikinka. Kar ka bar ƙasan haɓa."

Da ya gama ya goge shi, ya sa masa farar riga da hula, ya riƙe masa madubi. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Allah ya yi maka albarka, Mumuni. Ce mata ta shigo."

Rashidatu ta durƙusa a bakin tabarma, ta kama hannun da ba ya motsi. "Baba, ka rame, amma kana nan yadda na san ka."

"To da yaya kike so ki same ni?"

Mumuni ya kwashe kofi da tawul ya fita, ya ja musu labule.

Kowace safiya bayan nan yana shiga ya yi masa aski, Rashidatu na riƙe da kwanon ruwa, uban na ba ta labarin Bawku ta da. Ran wata Laraba, bayan an gama, ya ce yana son ya ɗan kishingiɗa. Kafin azahar ya cika, kansa a kan cinyar 'yarsa. Liman, da ya zo wanka, ya tsaya ya dubi fuskar, ya girgiza kai yana murmushi, ya yi masa addu'a mai tsawo.

Bayan sadakar bakwai Mumuni ya mayar da Rashidatu gida. Tana gaban lori, ƙullin kayan ubanta a cinya. Tun daga Salaga take godiya yana cewa ta bari, shi ne mai godiya. Sun wuce Bimbila barci ya ɗauke ta, kanta ya jingina da ƙofa. Gaba kaɗan hanyar ta lalace, duk ramuka. Mumuni ya sauke giya, ya bar motocin baya suka wuce shi, ya riƙa bin gefe-gefe a hankali don kada ta farka.