Ruwan Rakiya

Mersiha tana kan harafi na ƙarshe lokacin da gahawa ta yi bori a kan murhu, kuma ko waiwaye ba ta yi ba. Ta sa bakin allura ta ɗago ɗan guntun ledar da ke tsakiyar harafin R, ta manna shi a bayan hannunta, sannan ta ɗaga takardar sama tana dariya ita kaɗai. BUREK SHEFIK, sunan shagon mai gasa burek, wato burodin nan da ake cusa wa nama, da leda mai ruwan zinare, kowane harafi tsawon tafin hannu. Ita ta yanka. Ita Mersiha, mai shekara hamsin da biyu, wadda wata biyu da suka wuce ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba.

"Inna, zo ki gani."

"Na ga irinsa jiya, na ga irinsa shekaranjiya," in ji mahaifiyarta, Inna Derwisha, daga kicin. "Gahawarki ce dai ga ta tana yawo a ƙasa."

Shekara ashirin da bakwai Mersiha ta yi tana ɗinki a wani kamfani na garin Zenica kafin a rufe shi. Da ɗan abin sallamar ta sayi injin yankan sitika na hannu, ta ɗora shi a teburin cin abinci, tun daga ranar suke ci a kan cinya. Naɗin leda guda ta lalata kafin ta gane zurfin wuƙar injin: in ta yi yawa ta tsaga har takardar baya, in ta yi kaɗan ta yi wa ledar susa kawai. Da hannunta ya faɗa kuwa, babu abin da ya tsira a gidan. Firji an rubuta masa FIRJI, wai kada ya manta. Har sandar Inna ta samu suna.

Amma yau ba wasa ba ne. Ƙanwarta Senada ta samo mata aikin jinyar wata tsohuwa a Stuttgart ta ƙasar Jamus, an ma kama mata kujera a motar Litinin. Mersiha ta yanke wa kanta hukunci: in rubutun gilashin shagon Shefik ya fito yadda za a nuna shi da yatsa, ta zauna ta ci abinci da injin nan. In bai fito ba, ta bar uwarta a hannun maƙwabta ta je ta yi wa uwar wasu wanka. Wannan tunanin shi ne abin da ta fi tsana a duniya, shi ya sa take ta dariya tun asuba.

Ta shimfiɗa faffaɗan salatif a kan haruffan, ta murje, ta naɗe takardar ta soka a jakar baya, kan naɗin ya leƙo sama da kafaɗarta. Ta sumbaci Inna, ta sauka bene tana tsallake matakala kamar 'yar makaranta.

To, a al'adar garinsu ba a barin mutum ya fita sabon al'amari ba a watsa ruwa a bayansa ba, don abin ya tafi masa sumul. Kofi ɗaya ake yi, a bakin ƙofa. Amma Inna Derwisha ta lissafa girman abin da ke gaban 'yarta ta ga kofi raini ne. Ta cika tukunyar miya, ta ja ƙafa zuwa baranda, ta jira sai da ta ga inuwar mutum ta fito a ƙasa, ta yi bismilla ta juye daga hawa na biyu. Idon tsohuwar ya yi rauni, amma saitinta lafiya lau.

"Allah ya ba da sa'a," ta ce daga sama.

Mersiha ta tsaya ruwa na bin wuyanta, ta ɗaga hannu tana dariya. Ta karkaɗe takardar ta ci gaba da tafiya. Ai leda ce, me ruwa zai yi wa leda.

Shefik yana bakin shagonsa da garin fulawa har gwiwar hannu. Tare suka yi firamare, tun lokacin yake da tumbi. Ya sake fentin shagon, ya sa sabon gilashi, kuma ya gayyaci rabin masallaci su zo buɗewa yau bayan sallar Juma'a.

"Injiniya ta iso. Wanka kika yi a hanya?"

"Inna ce ta raka ni."

"Da bokiti?"

"Matsa ka ba ni wuri, ka tare hasken unguwa."

Ta goge gilashin, ta auna, ta kafa takardar da salatif a sama, ta ɗaga ta fara ɓare bayan. Nan dariyarta ta tsaya. Leda ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma takardar bayanta tana sha. Maimakon ta saki haruffan, sai ta rabe biyu, ta bar farin gashi-gashi manne a kan gam. Ta gwada kankarewa da farce, harafin B ya miƙe kamar cingam. Ta gwada U, shi ma haka.

"Lafiya?" in ji Shefik.

"Ya mutu."

"Duka?"

"Har da kai."

Ƙarfe goma saura. Mersiha ta ji motar Litinin ta tsaya mata a ƙirji. Ledar zinaren da ta rage a gida ta yanka ɗaya ce tak, kuma in ta koma ta yi a can ta dawo, an sauko daga masallaci. Shefik ya dube ta, ya dubi gilashinsa tsirara, ya cire mayafin aiki.

"Injin naki yana shiga mota?"

Da motar kai burodi suka ɗauko shi. Inna Derwisha da ta ji abin da ruwanta ya yi, sai ta zauna daɓas a kujera.

"Ni na kore ki Jamus da hannuna?"

"Ba ki kore ni ba tukuna. Miƙo min wayar wutar can."

"Ubanki na watsa masa, ya dawo lafiya. Senada na watsa mata, ta yi aure. Wane irin aiki ne wannan da ba ya son albarka?"

Ta ƙi zama a gida. A gaban mota ta zauna, ta rungume sauran ledar a ƙirji kamar jariri, tana harare-hararen gajimare.

Suka ture tirori, suka ɗora injin a kan kantar shagon a bayan sabon gilashin. Mersiha ta zura ledar, ta gwada wuƙar a kusurwa, ta danna. Injin ya ɗauki kukansa, ƙiii, ƙiii, yana jan zinare gaba da baya. Mai askin da ke ƙetaren titi ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da kumfa a rabin fuska. Mai sayar da furanni ta zo. Kafin a gama yanka K, mutum ya kai ashirin a bakin gilashi, kowa da shawararsa.

"Ai ba abin da ya rubuta," in ji mai aski. "Ledar tana nan yadda take."

"Ka jira," in ji Inna Derwisha, wadda ta manta ita ce mai laifi.

Mersiha ta kama kusurwa ta ja ledar da ba a so a hankali, sai ga haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi wata 'yar sowa. Ta ɗauki allura ta bi cikin B da R da hannun nan da ya yi shekara ashirin da bakwai yana ramin maɓalli. Daɗi ya kama ta har ta fara yi musu bayani, ita da jiya-jiya ta koya.

Ta shimfiɗa salatif a kai, ta fito waje ta kafa. Wannan karon takardar baya ta saki sumul. Ta murje da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe, sannan ta fara janye salatif, a kwance, kaɗan-kaɗan. Da ya rabu da harafin ƙarshe, sunan ya zauna a gilashi kamar da shi aka ƙera shi. Iska ta ɗan taru a ƙafar F, ta huda da allura ta shafe da yatsa.

Shefik ya ƙetara titi ya kalla, ya dawo, ya sake ƙetarawa.

"Babana ya yi shekara talatin a shagon nan da kwali a taga," ya ce. "Kowa ya shigo ya ci."

Mai aski yana son nasa da ja. Mai furanni tana tambaya ko injin yana yanka fure. Mersiha tana rubuta sunaye a bayan takardar burek, tana dariya, tana cewa su bi layi. Na ƙarshe a layin Ekrem ne, mai ofishin motocin Jamus a bakin tasha.

"Kujerarki tana nan, Mersiha, ta jikin taga," ya ce. "Amma ba ita ta kawo ni ba. Rubutun gilashina ya koɗe. Ina son Stuttgart da ranakun tashi, manya-manya, yadda za a hango tun daga gada."

Biron ya tsaya a hannunta. Ta san matan da za su tsaya gaban rubutun nan da akwati a hannu, da rabinsu ta yi ɗinki a layi ɗaya. Ta waiwaya ta ga Inna a kujerar Shefik, tana hura burek mai zafi tana ba wani labarin injin.

"Ka ba wata kujerar," ta ce. "Litinin zan zo in auna gilashin. Amma sai bayan motar ta tashi."