Jan Maganin Mama

Ban daɗe da dawowa daga Lisbon ba wayar shingen kaji ta yanki Mama a ƙwauri. Tana da ciwon suga. Nan da nan wurin ya fara ruwa.

Ta aike ni kemis ɗin Baba Valdemiro in sayo jan magani, wanda take shafa mana a gwiwa muna yara, muna ihu tana hura mana.

"Hukuma ta hana, Genival," in ji shi. "Wai akwai abin da ke taruwa a jiki. Ga sabon, karanta bayan kwalbar. Ba launi, ba raɗaɗi. Tsofaffin garin nan sai zagina suke, kamar ni na yi dokar."

Da na kawo, Mama ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta ajiye.

"Ruwan famfo ka sayo."

"Yana aiki, Mama. Ga shi a rubuce."

"Wanda ya rubuta ya taɓa rainon yaro?"

Ta ƙi. Ta ɗaure ƙafar da tsumma. Da na kai ta asibiti likita ya duba, ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka, sai an yanke ƙafar.

Ran Lahadi na zauna a ƙasa gabanta. Na ce, "Raɗaɗin kike so?"

"Wa ke son raɗaɗi, sakarai? Da, in yaro ya fito da jar gwiwa, duk layi an san yana da uwa a gida. Wannan in ka shafa min, wa zai sani?"

Na shiga kicin na ɗebo jan garin da take sa wa shinkafa launi, na kwaɓa. Na dawo na kwance tsumman. Ba ta janye ƙafar ba. Na wanke ciwon, na shafa sabon maganin, na hura kamar yadda take yi, na naɗe da bandeji. Sannan na dangwala jan a bayan bandejin, can nesa da ciwon.

Ta duba. "Ƙara jan. Nazaré ta maƙwabta ba ta gani sosai."

Ta sa na fitar mata da kujera ƙofar gida, ta miƙe ƙafar a kan benci. Maƙwabciyarmu Nazaré ta leƙo ta katanga.

"Zuleide, wa ya yi miki wannan aiki?"

"Ɗana mana."

Washegari ita ta tashe ni, da kwalbar a hannunta.