Saƙon da Aka So a Hana Hajiya Gani

Najwa ce ke kula da kwamfutoci da imel a wani kamfanin robobi da ke Idu. Ranar Talata da hantsi manaja, Oga Leonard, ya kira ta ofishinsa ya ce ta turo ƙofa.

"Adireshin Obadiah nake so ki toshe," in ji shi. "Ya rubuta wa kowa in ya ga dama, amma kada saƙonsa ya ƙara shiga akwatin Hajiya Barira."

Hajiya Barira ce mai kamfanin, ba ta cika zuwa ba. Obadiah kuwa ma'aikaci ne da injin yankan roba ya datse wa yatsu biyu a watan jiya, yana jinya a Lugbe.

"Oga, zaginta yake yi?"

Leonard ya juyo mata da kwamfutarsa, don Obadiah ya turo masa kwafin saƙon shi ma. Layi huɗu ne. Cewa ya yi har yanzu injin ba shi da murfi, yana roƙo a gyara kafin ya cinye hannun wani.

Ran Najwa ya ɓaci. Sau da yawa ta toshe 'yan damfara da masu talla, amma mutumin da ya bar yatsunsa a bakin aiki, shi ma yau ya zama shara?

"To, Oga, ka rubuto min umarnin ka sa hannu."

"Ke, da baki na faɗa miki. Ki yi abin da aka sa ki."

Ta fita. Aikin minti biyu ne, ta ƙi yi. Sai ta buga wa Hajiya waya, ta ce don Allah ta buɗe imel ɗinta, ta kuma faɗa mata abin da aka nema a gare ta.

Washegari Hajiya ta zo da kanta, ta sa aka kashe injin sai an sa masa murfi. Leonard ya sha faɗa, amma kujerarsa ba ta motsa ba. Bayan mako biyu ya mayar da Najwa sito, wai ba ta iya riƙe sirri ba.

Har yau in aka tayar da zancen sai ta ja tsaki.

"Yatsun mutum ne sirrin?" takan ce.