Yana Bayan Motar

Ƙudaje sun yi dandazo a kan busasshen tarwaɗa, amma Gumsu ko mafici ba ta ɗaga ba. Idonta na kan wayar da ta jingina da kwandon kifi. A ciki ɗanta Mikail ne, zaune a wani zaure a Jiddari Polo, yana buga zagayen ƙarshe na gasar wasan harbi ta waya, ana haskawa kai tsaye.

Gida ɗaya suke kwana a Gwange, su biyu rak tun rasuwar mahaifinsa, amma rabon da ya zauna ya yi hira da ita har ta manta. Kullum kunnensa a toshe, gaisuwa ma da kai yake yi. Phebe, maƙwabciyar rumfarta a kasuwar Baga Road, ita ta koya mata shiga shafin gasar. A nan Gumsu ta gano ashe ɗan nata yana dariya, har da zolaya. Kewarsa take yi ƙwarai, shi ya sa ba ta bari wasansa ya wuce ta.

Saura mutum biyu a fili. Masu kallo na ganin kowa a cikin wasan, 'yan wasa kuwa kowa gabansa kawai yake gani. Gumsu ta hango abokin karawar ya laɓe bayan wata mota, Mikail kuma na tafe ya ba shi baya. Ina uwa za ta iya kallon wannan ta yi shiru? Ta danna lambarsa.

Garin ture kiran, yatsansa ya amsa. Sautin wayarsa kuwa a haɗe yake da na gasar.

"Na'am, Mama?"

"Mikail, yana bayan motar."

Ya juya, ya harba, ya ci.

* * *

Murnar ba ta je ko'ina ba. Alƙalin gasa, wani mai suna Yoila, ya ce doka a bayyane take: duk wanda mai kallo ya tsegunta wa maɓoyar abokin karawa ya fita. Mikail ya rantse ba shiri ba ne. Yoila ya ce ya yarda, amma ai ya juya.

Kafin la'asar an yanko wurin daga bidiyon gasar, ya zaga gari. Waɗanda ba su san Gumsu ba, ba su san kifin da ta dinga sayarwa har ta saya masa wayar ba, suka sa masa suna ɗan Mama ɓarawo. Abokan wasansa suka cire shi daga ƙungiya.

Da ya dawo ta ajiye masa tuwo, ta ce ita fa ba ta san laifi ba ne. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ta ji sanyi.

"Kada ki sake kirana," ya ce, ya mayar da abin kunnensa.

* * *

Yanzu babu wasansa da za ta kalla. Phebe ta ce ta goge bidiyon nan na tsiya ta huta, Gumsu ta ce to. Amma idan kasuwa ta yi sanyi da azahar, sai ta jawo wayar, ta rufe zagin da ke ƙasa da babban yatsanta, ta kunna. Tana jin "Na'am, Mama?" sai ta tsayar, ta mayar da shi farko.