Yatsun Aisa

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari, aka yi wa yayata Aisa aiki a Damagaram, aka cire mata maƙoƙon da likita ya ce na daji ne. Ta dawo rugarmu kusa da Bande, wuya a naɗe, da fararen ƙwayoyi a ƙullin zane.

Mijinta Illo mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai. Ya kafa doka: mai ɗanyen rauni ba ya shan nono, kada ciwon ya yi mugunya. Haka kowa ya tashi ya tarar a wajenmu. Macen da ta girma a gindin saniya, ga ta ana dama mata fura da ruwa! Da ɗinkin ya warke kuma ya hana ta ƙwayoyin, wai lafiyayye ba ya shan magani.

Ba a jima ba ta fara jin kamar tururuwa na yawo a leɓunanta. Wata safiya ta tsuguna tatsa, yatsunta suka dunƙule, suka ƙi buɗuwa. Ta fashe da kuka, ta kira sunana.

"Barakatu, in hannun nan ya mutu, me ya rage mini?"

Tsofaffi suka ce iska ce, suka kawo turare. Ni kam raina ya ɓaci. Iskar da ba ta tashi zuwa ba sai da aka hana magani? Na ɗaura wa jaki amalanke, na ɗora ta, Illo na biye da mu yana mita.

A likitar Bande, ƙaramin asibitinmu, majo mai duba marasa lafiya ya kalli tabon wuyanta, ya ƙwanƙwasa mata kunci da yatsa, gefen bakinta ya motsa da kansa. Ya yi mata allura a jijiya, a hankali. Muna kallo yatsun suka saki.

"Malam Illo," in ji majo, "bayan irin wannan aiki, gishirin da ke ƙarfafa ƙashi yakan ragu a jini. Ƙwayoyin nan nasa ne, ba na rauni ba. Kada a fasa sha. Nono kuma a ba ta har ta ture."

Illo ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan zuba masa, Aisa ta taka mini ƙafa.

Washegari ta ɗauki ƙwarya ta nufi shanu. Illo ya tare ta, ya ce ta huta, zai nemo mai tatsa. Ta shimfiɗa masa yatsunta a gaban ido, ta dunƙule, ta sake buɗewa.

"Malam, zo ka riƙe mini maraƙin."